Daga Ankara Zuwa Tamale A Yini Guda

Mu da aka haifa a zangunan kudu, wato Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ko Madina, akwai sunan da muka saba ji tun muna yara, wai mu 'yan Arewa ne. Duk wanda ya gan ka da riga da hula, ko ya ji sunanka, ya riga ya yanke cewa gidanku yana can sama. Alhali kuwa da yawa daga cikinmu ko Kintampo ba mu taɓa wucewa ba. Kakanninmu wasu daga Kano suka fito, wasu Katsina, wasu Sakkwato, iyayenmu kuwa a nan kudu aka yanke musu cibiya. Arewacin Gana da ake jingina mu da shi, labarinsa kawai muke ji a rediyo, kuma 'ya'yan da muke koyarwa a aji sun fi mu jahiltarsa.

Abin da ke hana mutum zuwa ba ɓoyayye ba ne. Daga Ankara zuwa Tamale ta mota ya haura kilomita 600. Sai ka bi ta Kumasi da Techiman da Kintampo, ka haye Baƙin Bolta a Buipe, ka haye Farin Bolta a Yapei, kuma idan hanya ta yi maka kyau ka kwashe awa 10 zuwa 12 kana zaune. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye Asabar da Lahadi, ba a ma fara maganar ganin gari ba. Jirgin sama kuwa kusan awa ɗaya yake yi. Saboda haka na yi 'yar ajiya ta wasu watanni, domin kuɗin jirgi ya ninka na mota sau da yawa, kuma albashin malamin makaranta kowa ya san shi, na sayi tikitin zuwa da dawowa na rana ɗaya, wata Asabar a watan Nuwamba. Jirgin farko na safe zai kai ni, na ƙarshe na yamma ya dawo da ni.

Wanda duk zai yi wannan tafiya ya roƙi kujerar kusa da taga. Jim kaɗan bayan tashi sai ka hango tafkin Bolta shimfiɗe a ƙasa, da rassansa kamar yatsun hannu. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai wannan tafki a allo, ina gaya musu cewa madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ita ta haifar da shi, amma girmansa bai shiga kaina sosai ba sai ran nan. Ruwan nan ne ya cinye tsohon garin Kete Karachi, inda Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu a 1934. Daga nan sai duhun itatuwa ya fara raguwa, ƙasa ta buɗe, ka riƙa ganin itace ɗaya can ɗaya can, da jajayen hanyoyi, da ƙauyuka masu ɗakunan da'ira. Ta wannan ƙasa fatake suka riƙa ratsawa da jakunansu, daga Kano su bi ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro. Watanni suke yi a hanya, wani ma ba ya komawa. Ni kuwa ban gama shan ruwan da aka miƙo mini ba aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka.

Filin jirgin Tamale yana arewa da gari, wajen kilomita 20, kusa da hanyar Bolgatanga. Tun 2016 alhazan Arewa daga nan suke tashi kai tsaye zuwa Saudiyya, ba sai sun gangaro Ankara sun kwana a sansani ba, kuma a 2023 aka buɗe sabon gini. Na shiga tasi zuwa cikin gari, daga can na yi ciniki da wani saurayi mai keke mai ƙafa uku, wanda suke kira yalo-yalo, a kan ya yini da ni. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini amfani a ranar.

Abin da zai fara ba baƙon Ankara mamaki shi ne fili. Garin a shimfiɗe yake, ba tudu ba kwari, kuma ba irin cunkoson da ke sa mutum ya tsufa a cikin tirotiro tsakanin Nima da Makola. Keke da babur su ne sarakunan titi, har an ware musu tasu hanya a gefen manyan tituna. Mata ma babur suke hawa abinsu: ka ga uwa da mayafi, goyo a baya, kwandon cefane a gaba, tana tafiya hankalinta kwance. A tsakiyar gari akwai gadar sama da aka buɗe a 2022, ita ce ta farko a duk arewacin ƙasar, kuma direbana sai da ya bi da ni ta kanta, ko da yake ba hanyarmu ba ce.

A gindin wata bishiya na tsaya shan koko da ƙosai. Na yi wa mai kokon ina kwana, ta dube ni ta ce "Dasiba". Direban ya raɗa mini cewa amsar ita ce "Naa", a ja ta da ɗan tsawo. To, a nan ne darasin ranar ya fara. A kudu ana zaton duk Arewa Hausa ake yi. Ba haka ba ne. Tamale garin Dagombawa ne, harshen gari Dagbani ne, babban sarkinsu kuwa, wato Ya-Na, ba ma a Tamale yake zaune ba, a Yendi fadarsa take. Tamale ta yi girma ne bayan da Turawan Ingila suka mai da ita hedkwatar mulkinsu ta Arewa a 1907. Bahaushe a can baƙo ne mai zango, kamar yadda yake a Ankara da Kumasi. Amma idan ka kasa kunne za ka ji sawun tsohuwar hulɗa a bakinsu. Ita kanta "Dasiba" a kunnena "da asuba" ce. Ranakun mako kuwa ba sai an fassara maka ba: Atani, Atalata, Alaba, Alamishi, Alizumma, Asibiri, Alahari. Lafiya ma suna da ita, sun ɗan lanƙwasa ta.

A kasuwar Aboabo Hausa ta yi mini aiki, ko da yake ba a kowace rumfa ba. Wata dattijuwa mai man kaɗe da na yi wa magana sai ta yi dariya ta kira 'yarta ta zo ta yi mana tafinta, su kuwa masu hatsi da mahauta da masu goro tun kafin in rufe baki sun amsa. Doya tuli-tuli, gero da dawa da gyaɗa a buhuna, daddawa da ƙamshinta ke sanar da kai tun daga nesa, man kaɗe a manyan ƙore an toshe da ganye. Rabin abin da muke saya da tsada a kasuwar Nima daga irin wannan wuri yake tasowa, kuma da na ji farashi a can na gane nawa mota da dillalai suke ci a tsakani. Na tsaya wajen masu ɗinkin fugu, rigar saƙin nan da muke ce wa batakari, na ga yadda ake harhaɗa siraran ƙyallaye da hannu. Ban saya ba. Kuɗin jirgi ya riga ya ci kuɗin riga.

Bayan na yi azahar a babban masallacin gari sai na ce a kai ni Zango, kuma a can ne na fi daɗewa, har na ci lokacin wasu wuraren da na tsara. A unguwar akwai majema, tsohuwar sana'ar gado. Warin wurin kaɗai ya isa ya kori mai ƙyanƙyami, amma wanda ya daure zai ga aiki. Ana jiƙa fatar akuya ko ta tunkiya a ruwan toka har gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kan gungume a kankare da wuƙa mai mariƙi biyu, sa'an nan a tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka, ta kwana tana sha. Daga baya a shafa mai, a yi ta murzawa ana ja har ta yi laushi, a rina ta ja da karan dafi ko a mai da ita baƙa. Daga nan dukawa su karɓa su yi takalma da jakunkuna da matasai da kuben wuƙa. Sunayen kayan aikin da na ji a bakinsu irin waɗanda kakata take faɗa ne, waɗanda rabona da jin su tun tana da rai.

Wani tsoho da ke zaune a inuwa yana duba aikin yara ya amsa sallamata, ya sa aka kawo mini buzu da ruwa. Muka gaisa gaisuwa ta sosai, ta gida da iyali da gajiya da aiki, ba irin ta Ankara da ake yi ana tafiya ba. Ya ce, "Malam, daga ina?" Na ce daga Ankara, Baba. Ya ce, "A'a, wannan inda kake kwana ne. Asali nake tambaya." Da na faɗi garin kakana sai ya gyara zama, ya ce nasa kakan daga Salaga ya taso bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892, lokacin da fatake suka bazu, wasu Kete Karachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har bakin teku. Ya yi kukan cewa samari sun fi son babur ɗin haya a kan jima, kuma takalmin roba ya kashe wa na fata kasuwa. Sai ya ce a shirya mini ɗaki. Na ce ai yau zan koma. Ya dube ni ya ce, "Yau ka zo, yau za ka koma? Ɗana, wannan ba zuwa ba ne, leƙe ne." Ya ce ko tuwon dare ba zan ci ba, me zan je in gaya wa mutanen gida?

Ban sami amsar ba shi ba, domin a al'adarmu gaskiyarsa ce. Baƙo sai ya kwana ake sanin shi, kuma a Zango ba a shiga gida ɗaya a tsallake na kusa. Tafiyar yini guda ba ta san wannan ba, agogo take bi. Ala tilas na yi masa sallama ina jin nauyi, bayan ya sa an kawo mini tuwon zafi da miyar ayoyo na ci a gabansa, domin ya ce wannan kam ba zai yafe ba.

Sauran lokacin da ya rage na kai shi wani wuri a bayan gari da ake kira Red Clay, wanda mai fasahar nan ɗan Tamale, Ibrahim Mahama, ya gina aka buɗe a 2020. Kada a haɗa shi da ɗan kasuwan nan mai irin sunansa. Wannan shi ne wanda ya yi suna a duniya da lulluɓe manyan gine-gine da tsofaffin buhunan koko da gawayi da aka ɗinke wuri guda. Manyan zaurukan jan bulo ne a tsakiyar fili, ga kuma tsofaffin jiragen sama da ya saya aka jawo su ta mota tun daga kudu, aka jera su, aka mai da cikinsu ajin karatu. Na tarar da yaran ƙauyen suna hawa suna sauka, wani ya zauna a kujerar matuƙi yana ta murɗa abin da ya samu. A matsayina na malami abin ya taɓa ni ƙwarai. Yankin nan ne Turawa suka mayar wurin ɗibar leburori zuwa ma'adinai da gonakin koko, suka yi masa rowar makaranta. Mfantsipim a Cape Coast tun 1876 take, amma Arewa ba ta sami sakandarenta ta farko ba sai 1951, a nan Tamale, shekara 75 ke nan tsakani. Kwalejin horon malamai ta Bagabaga ta riga ta da kaɗan, a 1944, jami'a kuwa sai 1992. Na so in leƙa Bagabaga in gaisa da abokan sana'a, rana ta ƙi.

Ga mai sha'awar gwadawa, ya kula da lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan yi kauri har a jinkirta tashin jirgi ko a soke shi, kuma wanda ya shirya wa yini ɗaya ba shi da rarar da zai yi asara. Maris da Afrilu kuwa zafin Tamale ba na wasa ba ne. Ya zaɓi wuri uku kacal, ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa, ya koma filin jirgi da wuri, domin nisansa da gari yana cin lokaci. Idan aljihu bai kai ba, ana iya tafiya da motar dare a wayi gari a can, a dawo ta jirgi, kuɗin ya ragu sosai. Kuma ya koyi gaisuwar Dagbani ko guda uku ce kafin ya tashi, zai ga yadda fuskoki ke sakewa.

Na iso gida bayan isha'i da ƙullin man kaɗe da daddawa da soyayyen zabo guda biyu, da 'yar jakar fata da tsohon nan ya ƙi karɓar kuɗinta. Ranar Litinin na kai jakar aji, na sa ɗalibai su nemo Tamale da Yendi da Salaga a taswira. Cikin yara fiye da 40, 'yan kaɗan ne suka taɓa jin sunan Salaga, su ma kasuwar Salaga ta nan Ankara suke nufi. Ita Salagar ta ainihi tana kudu maso gabas da Tamale, fiye da kilomita 100, jirgi ba ya zuwa, kuma ba ta yiwuwa a yini guda. Na sa ta a lissafin dogon hutu, ta mota, kuma zan fara sauka a Zangon Tamale in biya bashin tuwon dare.