Mahaifiyar Yaro da Malaminsa, Yaushe Rabonku da Magana?

A aikinmu na jinya akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita. Komai gajiyar da kika kwaso a aikin dare, ba ki tafiya gida sai kin miƙa marasa lafiya ga wadda ta karɓe ki, gado bayan gado: wannan bai yi barci ba, wancan ya yi amai sau biyu, waccan an canza mata magani. In aka tsallake wannan bayani, mai karɓa cikin duhu za ta yi aiki, kuma marar lafiya ne zai ji a jikinsa.

Yaranmu ma hannu biyu suke bi kullum. Da safe zuwa azahar suna wurin malami, sauran yini da dare suna wurinmu. Amma a gidaje da yawa babu abin da ke haɗa hannayen nan biyu sai rasit ɗin kuɗin makaranta da katin sakamako a ƙarshen zango. Malami ya san rabin yaro, uwa ta san rabi, babu mai faɗa wa wani.

Na ga inda hakan ke kai mutum. An taɓa kawo mana wata yarinya 'yar shekara 9 da ciwon kai. Ana cikin hira mahaifiyarta ta ce ai daƙiƙiya ce, har an maimaita mata aji. Muka tsayar da ita tazarar mita 6 daga allon gwajin ido, ta kasa wuce manyan baƙaƙen sama. Ashe uwar ta daɗe tana ganinta tana kai littafi dab da fuska, malamar kuma ta daɗe tana yi mata faɗa don tana kwafa daga littafin ta kusa da ita maimakon ta dubi allo. Da sun zauna minti goma, da tabarau da bencin gaba sun raba gardama, ba a yi asarar shekara guda ba.

Batun sikila ya fi wannan tsanani. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da ƙwayar gadonta, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ita duk shekara. Ke nan da wuya makaranta babba ta rasa irin waɗannan yara. Duk da haka iyaye da dama na ɓoyewa, wai kada a ji a unguwa. To malamin da bai sani ba, shi ne zai hana yaro fita shan ruwa, ya sa shi tsallen kwaɗo a rana, ko ya bar shi bakin taga cikin sanyin hunturu, alhali ƙishirwa da wahalar jiki da sanyi duk suna tayar da ciwon. Haka mai asma da mai farfaɗiya. Malami na bukatar sanin cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau, ba a cusa wa yaro cokali a baki, kwantar da shi ake yi ta gefensa. Wa zai gaya masa in ba mu ba?

Shi ma malami yana da labarin da za mu karɓa. Shi ne yake ganin yaro na gyangyaɗi tun ƙarfe tara. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, sai mu duba ko waya da kallo sun cinye masa dare, ko bai karya kumallo ba, ko ƙarancin jini ne. Shi ne kuma yake lura idan yarinya ta daina shiga cikin ƙawayenta.

Wata za ta ce, ni da ban yi boko ba, me zan je in ce? Haba 'yar uwa, wannan hulɗa ai gadonmu ce. A makarantar allo uba da hannunsa yake kai ɗa ga malam, ana aika kuɗin Laraba, ana tambayar inda karatu ya tsaya, ranar sauka kuwa dangi duk su hallara. Boko ce kawai muka sallama wa hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da ya je. Makarantun gwamnati suna da kwamitin gudanarwa da ake kira SBMC, wanda aka tanadi kujerun iyaye da na mata a cikinsa. Kujerar da ba a zauna ba, ba ta magana.

Ni dai abin da nake yi ba shi da yawa. A mako na uku na kowane zango, ranar da na sauka daga aikin dare, nakan biya makarantar yarana. Tambaya uku nake yi: a ina yake zama a aji, me ya fi ba shi wuya, me kuke so mu riƙa yi a gida? Sai in faɗi nawa, mu karɓi lambar juna. Zango na gaba babansu ke zuwa, don yaro ya san karatunsa ba na mahaifiyarsa ba ne ita kaɗai.

Sai dai mu je da sallama. Malamin da ke fama da aji maƙil, wani lokaci albashi bai zo ba, in bai taɓa ganin fuskarki ba sai ranar da kika zo rigima a kan bulala, ba zai buɗe miki cikinsa ba. Wanda kika saba gaishe shi kuwa, shi zai kira ki tun matsala tana ƙarama. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya saka wa malamansu da alheri.