Abin da Katangun GRA ta Katsina Ba Su Tare Ba

Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903, su suka keɓe GRA a bayan ganuwa domin jami'ansu, nesa da hayaniyar gari. Har yau shirun yana nan: tituna masu faɗi, dogayen katangu, da inuwar darbejiya wadda Katsinawa ke kira bedi. Wanda ya bi titin Nagogo da yamma sai ya rantse babu abin da ke damun jihar.

A bayan ɗaya daga cikin katangun nan na sauka kwana uku, a gidan wani dattijo Kirista, Bahaushen ƙasar Malumfashi, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Kullum da asuba, daidai lokacin da maƙwabtansa ke dawowa daga masallaci, sai ya tara iyalinsa a buɗe Littafi Mai Tsarki, a karanta Zabura, sannan a shiga addu'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake jero sunayen garuruwa a gaban Allah: Kafur, Ƙanƙara, Faskari, Malumfashi.

Kowane suna da tabonsa. A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka shiga cocin Katolika na Gidan Maikambo da ke Kafur cikin dare, suka tafi da Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara, waɗanda suka haura wata guda a daji. A Janairun 2023 aka kwashe masu ibada daga wani coci a Gidan Haruna da ke Ƙanƙara. Amma dattijon bai tsaya kan nasa kaɗai ba. Yana tuna ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disambar 2020, da masallatan da aka kashe suna sallar asuba a Unguwar Mantau a Agustan 2025. Daga ƙarshe ya roƙa wa 'yan bindigar kansu tuba, domin Almasihu ya umarci mabiyansa su yi wa masu tsananta musu addu'a.

Na ce masa, "Baba, shekara da shekaru ana roƙo, daji bai lafa ba. Ba ka gajiya?"

Ya ce, "Ɗana, da an tambayi Yusufu yana cikin rijiya wa ke mulki, ai sai a ce 'yan'uwansa ne. Ba su ba ne. Ayuba ma bai ji dalilin wahalarsa ba, amma bai saki Ubangijinsa ba. Ba na addu'a don in koya wa Allah aikinsa. Ina yi ne don kada tsoro ya zama sarkina, kada kuma ƙiyayya ta gaje shi."

Wannan dogaro yana da saiwa a ƙasar nan. Tun ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka fara jinyar kutare a Babbar Ruga, a gefen birnin. A 2023 kuma, ana tsakiyar wannan fitina, aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, shi ma ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko. Jama'ar da ta yanke ƙauna ba ta aza harsashin sabon gini.

Sai dai akwai abin da ya kamata mazauna GRA su ji, tunda a nan manyan jami'ai da masu faɗa-a-ji suke kwana. Haƙurin mai bi ba takardar sallama ba ce ga hukuma. Littafin da ya koya wa dattijon cewa mulki na Allah ne, shi ya koya masa cewa mai riƙe da iko bawa ne da aka ɗora wa tsare mai gaskiya da hukunta mugu. Manomin Kafur, Kirista ne ko Musulmi, ya ɗaga hannu ya roƙa, ya sauke nasa nauyin. Hanyar gonarsa kuwa, da makarantar ɗansa, da wurin ibadarsa, amanarsu tana wuyan waɗanda ke barci a bayan katanga, kuma za a tambaye su.