Labarin Zuciya a Tambayi Wa?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To ina dabara idan mai zuciyar ba shi da fuska? Wannan tambaya ta tsaya mana a rai tun ranar da mu uku muka zauna gaban kwamfuta muna koya mata bambance jinsin sunaye a Hausa.

Na'urar da muka gina irin wadda ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce. Kalma na shiga ta wata ƙofa, amsa na fita ta wata, a tsakani kuma akwai ɓoyayyun ƙwayoyi waɗanda ba a faɗa musu abin da za su lura da shi. Duk sanda amsa ta zo da kuskure, sai a ɗan gyara lambobin da ke haɗa su. Muka ciyar da ita sunaye irin su riga, hula, doki da tulu, har ta daina tuntuɓe. Muka yi murna, muka ce ɗaliba ta ƙware.

Son sani ya sa muka leƙa cikinta. Mun san cewa a 1986 Rumelhart da Hinton da Williams sun koya wa irin wannan na'ura dangantakar iyalai biyu, ɗaya na Ingila ɗaya na Italiya. Da suka duba, sai suka tarar wata ƙwaya ta ware ƙasar mutum, wata kuma ta ware kaka da ɗa da jika, alhali ba a umarce su ba. Muka sa ran ganin irin wannan hikima. Abin da muka gani kuwa ƙwaya ɗaya ce tak mai zabura duk sanda kalma ta ƙare da wasalin "a". Sauran sun yi shiru, ko kuma suna motsin da muka kasa fassarawa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Muka ba ta "uba", ta ce mace ce. Muka ba ta "mace", ta ce namiji ne. Haka ta yi wa ruwa da gida da nama. Ashe ba jinsi ta koya ba, wutsiyar kalma kawai take kallo.

Dariyarmu ba ta daɗe ba. Manyan 'yan'uwanta sun fi ta duhun ciki: a 2020 masu bincike sun nuna ƙwaya guda mai amsa wa fuskar kyanwa da kuma gaban mota. Irinsu ake ba hoton ƙirjin majiyyaci su yi hukunci.

Ta kuma tuna mana da kanmu. Sau nawa muka ba ɗalibi maki don amsarsa ta yi daidai, ba tare da mun tambaye shi hanyar da ya bi ba? Tun daga ranar, idan ɗalibi ya amsa daidai, mukan ce masa: "Madalla. To, ta yaya ka sani?"