Ashe Motar Baba Ba 'Yar Japan Ba Ce

Ranar da na gaya wa Baba a waya cewa zan sayi mota, bai tambaye ni nawa na tara ba, bai kuma tambayi ko na ci jarrabawar tuƙi ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Uwata, ki tabbata 'yar Japan ce. Kada ki yarda wani ya cusa miki ta Faransa. Ta Sin kuwa, ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode." Ya faɗi haka da irin muryar da yake tashin mu sallar asuba da ita, muryar da ba a ja da ita.

Ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku a fannin lafiyar al'umma a Nottingham. Awa ashirin ɗin da doka ta yarje wa ɗalibi ya yi aiki a mako, ina yin su a wani gidan kula da tsofaffi a wani ƙauye da ke bayan Derby. Jirgin ƙasa ɗaya da bas ɗaya nake hawa kafin in isa. A watan Disamba, da rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, na taɓa tsayuwa kusan awa guda a tashar bas ni kaɗai cikin duhu, yatsun ƙafata sun daina jin komai. A daren nan na yanke shawara. Fam 5,500 na tara a shekara ɗaya da rabi, kuma duk wanda ya yi aikin kula da tsofaffi ya san da me ake samun kowane fam a ciki. Idan na saye kara da kiyashi, babu wani kuɗin a baya.

Maganar Baba ba daga sama ta faɗo ba. A Kano kowa ya tashi da taswirar motoci a kansa: ta Jamus ƙarfe ce amma kayan gyaranta tsada, ta Japan juriya da sauƙin mai, ta Amurka shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, ta Faransa ciwon wuta. Shi kansa Baba Peugeot 504 ya fara hawa, haɗin Kaduna, kuma har gobe idan ya ce "Fijo" sai ka ji kamar sunan wani aminin sa da ya rasu yake kira. A wurinsa, Faransawa sun daina ƙera mota tun daga 505. Bayan ta ne ya sayi Toyota Carina E ta hanyar Kwatano. Motar nan ta kai mu makaranta, ta kai amare, ta kai gawa, ta je Gashuwa ta dawo ba adadi, shekara goma sha bakwai. Yanzu tana zaune a bayan gida ƙarƙashin darbejiya, tayoyinta sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta, amma ya hana a sayar wa 'yan gwangwan. Ita ce hujjarsa a kan duk wata gardamar mota: "Kun ga aikin Japan."

Da na tsaya na yi tunani, sunayen ƙasashen da muke liƙa wa mota tun asali ba na wurin ƙira ba ne. Muna cewa "Beljiyam" ga duk wani tsohon kaya mai kyau, alhali tashar jirgin ruwa ta Antwerp ce kawai aka loda shi. Muna cewa "'yar Kwatano", kuma ba a taɓa ƙera Carina a Jamhuriyar Benin ba. Amma ban taɓa kawo wannan a kan motar Baba ba, sai da wata abokiyar aikina, Baturiya, ta rage mini hanya wata safiya. Muna zagaya wani babban shataletale inda hanyar A38 ta haɗu da A50, ta nuna mini wasu dogayen gine-gine ta ce mijinta a nan yake aiki. Masana'antar Toyota ce ta Burnaston. A nan ake ƙera Corolla ɗin da ake sayarwa a Turai. An buɗe ta a 1992, kuma motar da ta fara fitowa daga cikinta ita ce Carina E.

Ban ce mata komai ba, amma zuciyata ta yi tsalle ta faɗa bayan gidanmu.

Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da lambobi goma sha bakwai, kuma farkon lambar shi ke faɗin inda aka ƙera ta. J Japan ce, W Jamus, L Sin, 1 ko 4 ko 5 Amurka. SB1 na nufin Toyota haɗin Ingila, VNK kuma Toyota haɗin Faransa. Na tura wa ƙanina saƙo na ce ya kori kajin, ya buɗe bonet, ya ɗauko mini hoton farantin da ke ɗauke da lambar. Hoton ya zo da ƙura da yanar gizo-gizo, amma haruffa ukun farko sun fito ɓaro-ɓaro: SB1. Motar da aka rene mu da labarin cewa Japanawa ne suka ƙera ta da hannunsu, ashe mutanen Derbyshire ne suka ɗaura mata ƙofofi, tafiyar minti goma daga inda nake canza wa tsofaffi zanin gado.

Na kira Baba ina murna kamar wadda ta ci gasa. Ya yi shiru, ya ce in sake karanta masa haruffan. Sannan ya ce, "To ai Japanawan ne suka tsaya a kansu." Na yi dariya a lokacin, amma daga baya na gane ya fi ni gaskiya. Abin da ya sa motar ta yi ƙarko shi ne zanenta, da irin kayan da aka zaɓa, da tsarin masana'antar da ba ya barin kuskure ya wuce zuwa tebur na gaba. Wannan tsarin yana shiga jirgi ya tafi wata ƙasa. Nissan Qashqai da ta cika titunan Ingila a Sunderland ake yin ta. BMW X5 a jihar South Carolina ta Amurka. Marsandi C-Class da yawa daga garin East London na Afirka ta Kudu suke fitowa, kuma ba wanda ya raina su.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce ƙasa ba ta da wani tasiri, in rufe littafi. Amma akwai wata ƙasar da take da tasiri ƙwarai, wato ƙasar da aka ƙera motar domin ta. Wannan ne ya hana ni barci dare biyu.

A farkon 2014 ƙungiyar Global NCAP ta ɗauki ƙananan motoci biyar da ake sayarwa a Indiya, ciki har da Volkswagen Polo da Ford Figo da Hyundai i10, ta saka mutum-mutumi a ciki ta buga su da shinge a gudun kilomita 64 a awa. Duka biyar ɗin ba su samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare babban mutum, domin mafi arhar samfurinsu ba shi da jakar iska, wato jakar nan da ke fashewa daga sitiyari ta tare ƙirjin direba da kansa. Polo ɗin da aka saka wa jaka biyu ta samu taurari huɗu. Suna ɗaya, tambari ɗaya, bambancin kawai abin da doka ta tilasta da abin da aka ga mai saye zai haƙura da shi. A 2020 kuma aka haɗa motoci biyu na Nissan gaba da gaba: sabuwar NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka, da tsohuwar Navara ta 2015 da aka yi wa kasuwar Turai. Na kalli bidiyon sau uku. Gaban ta Afirka ya naɗe ya shigo inda direba yake zaune, kuma masu gwajin suka ce da mutum ne a ciki da wuya ya rayu, na cikin ta Turai kuwa mai yiwuwa ya buɗe ƙofa ya fita da ƙafarsa. A Rosslyn, kusa da Pretoria, aka ƙera Hardbody ɗin, kuma a wannan Rosslyn ɗin BMW take da masana'antar da ke fitar da motoci zuwa Turai. Hannun ma'aikacin Afirka ba shi da laifi. Wani ne a ofis ya lissafa nawa ran mai saye ya kai.

Ƙasashen da muke rantsuwa da su ma sun sha kunya. Kamfanin Takata na Japan ne, kuma jakunkunan iskarsa, waɗanda aka saka a motocin Honda da Toyota da BMW da Ford da wasu, su suka jawo kiran miliyoyin motoci domin gyara, har kamfanin ya durƙushe a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya shekara da shekaru cikin zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima ya watso ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba. A nan Ingila wasiƙa ake aiko wa mai mota har gida a ce ya kawo a canza kyauta. Motar da ta bi jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Legas, wa zai aika wa wasiƙa? A 2015 kuma aka kama Volkswagen ta Jamus da maguɗin gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. Ita kuwa Sin da Baba ya ce ko kyauta kada in karɓa, MG4 da ake ƙerawa a can ta samu taurari biyar a gwajin Euro NCAP na 2022. Ban gaya masa wannan ba. Abu ɗaya a rana ya isa.

Akwai dalilin da ya sa bidiyon nan ya tsaya mini a rai. A 2019 Gwaggona, ƙanwar Baba, ta rasu a kusa da Kwanar Ɗangora, a hanyarsu ta dawowa daga Zariya. Motar mijinta ce, wata uku da saye, fes da ita, daga ƙasar da kowa yake yabo, kuma dillalin ya rantse ba a taɓa buga ta ba. Taya ce ta fashe, suka daki wata bishiya. Jakar iska ko ɗaya ba ta buɗe ba. Da bakanike ya kwance abin da ya rage, sai ya tarar cikin sitiyarin fayau, gefen fasinja kuma an cusa soso an liƙe. An taɓa yin haɗari da ita a can inda ta fito, aka yi gwanjon ta, aka daddaɓe, aka yi fenti. Mun ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, Allah ya jiƙan ta. Amma na kasa daina tunanin mutumin da ya zauna ya yanka soson nan daidai girman ramin.

Don haka da na fara zagayen duba motoci, tambayoyina sun canza. A Ingila duk motar da ta shekara uku sai an yi mata gwajin MOT kowace shekara, kuma da lambar motar kaɗai kowa zai iya ganin tarihin gwajin a intanet kyauta: abin da ta faɗi a kai, gargaɗin da aka yi, da mil nawa ta yi. Wata mota ta Jamus da na je gani a Leicester, baƙa, kujerun fata, sai da na ɗauki hoto a jikinta tun kafin a buɗe mini ƙofa. A tashar jirgi na duba tarihinta. Shekara uku a jere ana gargaɗin tsatsa a ƙasanta, kuma mil ɗinta ya sauko daga dubu 118 zuwa dubu 79 tsakanin gwaji biyu. Mota ba ta tafiya da baya har mil dubu talatin da tara. Na goge hoton.

Wadda na saya Toyota Yaris ce ta 2015, ruwan toka, ba ta da wani kyau. Na zaɓi shekarar ne da gangan, domin tun Nuwamban 2014 doka a Turai ta wajabta wa duk sabuwar mota na'urar da ke hana ta yin katantanwa idan ta samu santsi, kuma hanyar ƙauyen da nake bi tana yin ƙanƙara da asuba. Mai ita wata tsohuwa ce da ta ajiye rasit ɗin kowane canjin baƙin mai a cikin ambulan. Inshorar sabuwar direba ta kusa sa ni kuka, amma wannan labarin wata rana ne. Na duƙa na karanta lambar casis ta ƙasan gilashin gaba: VNK. Haɗin Valenciennes ce, a arewacin Faransa.

"Toyota ce, Baba," na ce masa.

"Alhamdu lillahi. 'Yar Japan?"

"Japanawa ne suka tsaya a kansu."

Ya yi dariya har da tari, ya ce ja'ira, ya sa mata albarka.

Makon jiya Yaya ya kira ni daga wani wurin sayar da motoci a Kano. Zai saya wa iyalinsa mota, kuma akwai ɗan gudummawata a cikin kuɗin. Ina jin dillalin a gefe yana cewa wannan kai tsaye daga Amurka take, ko ƙwarzane babu. Na ce, "Yaya, don Allah kafin komai ka shiga ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Akwai wata 'yar jar fitila mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Dole ta kama, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Kuma ka turo mini lambar casis, in bincika ko an taɓa gwanjon ta."

Na ji ƙarar ƙofa, na ji makulli. Shiru ya ɗan yi tsawo.

"Ba ta kama ba," in ji shi.

Dillalin ya ce ƙwan fitilar ne kawai, aikin naira ɗari biyar. Yaya ya ce mini zai sake kira, akwai wata ja a can ƙarshen layi da yake so ya gwada.