Ranar Da Na Fara Tuƙa Kwalekwale

A hutun da ya wuce kawuna ya kai ni Tiga, inda aka datse Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ni da ban san ruwan da ya wuce kududdufin unguwarmu ba, sai ga ruwa iyakar ganin ido.

Wani masunci, abokin kawu, ya yarda ya koya mini tuƙi. Kwalekwalensa siriri ne ƙwarai, ina sa ƙafa ya fara rawa. Ban iya iyo ba, don haka kawu ya ce ko a ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa, ko mu koma gida.

"Zauna ƙasa sosai, samari," in ji masuncin. "Kada ka miƙe, ko da ka ga kada!" Ya miƙo mini filafili. Ashe in ka tuƙa ta dama, hancin jirgi hagu yake juyawa. In kana so ya tafi sak, sai ka riƙa sauya hannu.

Da muka yi nisa iska ta taso, ruwa ya fara fantsamowa ciki. Gabana ya faɗi. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce in sa hancin jirgin ya fuskanci igiyar ruwa, don in ta buge mu ta gefe za mu kife, yana ta kwarfe ruwa da ƙoƙo. Haka muka lallaɓa har gaɓa.

Kwana uku na yi ina ciwon kafaɗa. Har yau Inna ba ta san iska ta taso ba.