Watannin Da Aka Toshe Bakin Wagini

Duk lokacin da aka tayar da zancen yadda gwamnati ke toshe bakin jama'a a kafafen sada zumunta, abin da ɗalibaina ke fara ambata shi ne dakatar da Twitter da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi a watan Yunin 2021, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasar. An shafe wata bakwai ana wannan dambarwa kafin a janye dokar a Janairun 2022, kuma a watan Yulin shekarar Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Lauyoyi sun yi magana, jaridun Amurka da Ingila sun rubuta, duniya ta ji.

Ni da na fito daga Wagini, a ƙaramar hukumar Batsari, wata toshewar ce ta fi tsaya mini a rai. A watan Satumban 2021, kwanaki kaɗan bayan an katse layukan waya a Zamfara, aka katse su a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara. Mai Twitter a Legas ya sauke manhajar VPN ya ci gaba da harkarsa. Mutumin Wagini kuwa komai aka ɗauke masa a rana ɗaya: kiran waya, saƙon tes, WhatsApp, Facebook, har da 'yan kuɗin da ɗansa ke turo masa daga Kudu. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan.

Hujjar da gwamnatin Aminu Bello Masari ta bayar tana da nauyinta. Akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma da waya ake cinikin kuɗin fansa. To amma wayar nan ita ce kuma gangar ƙauye. Idan aka hangi babura sun fito daga Dajin Rugu, garin farko ne ke kiran na gaba, a kwashe mata da yara, a sanar da jami'an tsaro. Wanda ke daji yana da babur, yana da kuɗin neman wata hanyar sadarwa. Manomi ne ba shi da ko ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

A waɗancan watanni a tashar mota nake samun labarin mahaifiyata, daga bakin direbobi, kamar a zamanin kakanninmu. Rasuwar wani baffana ma sai bayan sadakar uku ta iso ni. Wannan ƙaramin rashi ne idan aka kwatanta da na wanda aka shiga garinsu da dare, ya rasa yadda zai nemi agaji, gari ya waye kuma ya rasa yadda zai shaida wa duniya abin da ya same shi. Rashin jin kuka daga wuri ba shi ke nuna an samu lafiya ba.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin karɓa da isar da bayani. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, amma da sharaɗin a yi hakan bisa doka, kuma dokar ta zama wadda za a iya karewa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Saboda haka abin da nake nema kaɗan ne. Duk ranar da wata gwamnati ta sake tunanin katse layi, ta faɗi dokar da ta dogara a kai, ta sa wa'adi, ta kai maganar gaban majalisa, sannan ta dawo ta gaya wa jama'a abin da aka samu da abin da aka rasa.

Ɗalibai da 'yan jarida da ke kare 'yancin magana kuma, ina roƙonsu su faɗaɗa ma'anarsa ta wuce masu rubutu da Turanci a intanet. Tsohuwar da ke son kiran ɗanta ta ce masa sun kwana lafiya, ita ma wannan sashe na 39 ne ya ba ta haƙƙi.