Dokin da Aka Dandaƙe

Ran da na fara tuƙa motar, wata yarinya a cikin Toyota Camry ce ta kunyata ni a bakin danja. Muna tsaye gefe da gefe, injina na gurnani kamar zakin da ya kwana da yunwa. Koriyar fitila na kamawa na taka totur har ƙasa. Motar ta yi kururuwa, ta zuƙi mai, yarinyar kuwa ta wuce abinta, ba ta ma san ana tsere da ita ba. Tsohon da ke zaune kusa da ni ya yi ta dariya har da tari.

"Shekara kusan hamsin ke nan tana yi mini haka," in ji shi.

Maƙwabcina ne a wata unguwa da ke gefen birnin Detroit, ya yi ritaya daga aikin masana'antar mota, ni kuma Baba nake ce masa. Motar Chevrolet Chevelle SS ce ƙirar 1973, cikin jinsin da Amurkawa ke kira motocin ƙwanji. Injinta mai babban bulok ne, silinda takwas, ana ce masa 454, wato lita 7.4. Ni da na koyi kanikanci a Kano a kan Peugeot 504, sai na lissafa na ga kusan injin 504 huɗu ne aka cusa a ƙarƙashin bonet ɗaya. To ina ƙarfin ya tafi?

Baba ne ya ba ni labarin. A 1970 an fitar da Chevelle mai wannan inji, samfurin LS6, aka rubuta masa ƙarfin doki 450. Shi ya so saya, amma a lokacin yana saurayi, aljihu babu nauyi, kamfanonin inshora kuma sun tsauwala wa samari masu irin waɗannan motoci. Ya yi ta tari har shekara uku. Kafin kuɗin su cika, zamani ya juya. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta matsa wa masu ƙera mota, daga 1971 General Motors ta rage matsin injunanta don su iya shan mai mara dalma. Matsin LS6 ya kai 11.25, na Baba kuwa 8.25. A takarda aka ba shi ƙarfin doki 245. Gaskiya wani ɓangare na faɗuwar a alƙalami ne kawai, don daga 1972 aka daina auna inji tsirara, aka koma auna shi da salansa da matatar iska da sauran kayan da yake ja. Amma ko an cire wannan, an rage masa da yawa. Bai gama murnar sabuwar mota ba kuma rikicin mai na ƙarshen 1973 ya zo, aka shiga layi a gidajen mai.

"Na jira ingarma," ya ce, "aka kawo mini dandaƙaƙƙe."

Da idonsa ya fara rauni ya sayar mini da ita a farashin da ya fi kama da kyauta, da sharaɗi guda: in mayar mata da abin da aka ƙwace mata, ya ji da kunnensa.

Kuskurena na farko na girman kai ne. Na ce inji babba yana son abinci da yawa, na sayo ƙatuwar kafireta, na tuɓe tata ta asali, Rochester Quadrajet, na ajiye. Sai abin ya ƙara lalacewa. Ina taka totur sai ta shaƙe, ta yi jim, sannan ta taso da baƙin hayaƙi. Maigidana na Kano, Allah ya jiƙansa, da yana nan da na sha ranƙwashi, don shi ya koya mini cewa inji numfashi yake yi. In ƙirjin mutum a ɗaure yake, faɗaɗa masa baki ba ya ƙara masa iska. Na mayar da tsohuwar kafiretar bayan na wanke ta, na gyara tayimin, motar ta fi yadda take tun farko, ban kashe ko sisi a kan wannan ba.

Aikin gaske sai da sanyi ya shigo. A Michigan ba a fitar da tsohuwar mota a kan titin da aka watsa wa gishiri, tsatsa za ta cinye ta, saboda haka daga Nuwamba motar na gareji. Na sauke injin. Na sa fistin masu tudu a kai, matsi ya hau zuwa tara da rabi, iyakar abin da nake ganin man gidan mai na yau zai ɗauka ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba. Na cire kaskon salansa na ƙarfen zubi, mai nauyi da ƙuncin hanya, na sa bututai dogaye, kowace silinda da nata. Sannan kamshaf, wanda shi ne ke yanke wa bawul lokacin buɗewa da tsawon zamansa a buɗe. A nan samari ke ɓata mota. Suna zaɓen kamshaf mai zafi saboda daɗin karkarwar da yake sa inji, alhali mota mai nauyi irin wannan, mai doguwar giyar baya, ƙarfin tashi daga tsaye take buƙata. Na zaɓi matsakaici. Baba yana zaune a kan kujerar roba, lulluɓe da bargo, yana miƙo mini sifana da laluben hannu, kuma bai taɓa miƙo wadda ba ita ba.

Daga nan ne na yi ɓarnar da har yau take cina. Irin wannan tsohon kamshaf, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe kai tsaye. Sabo yana buƙatar a tashi inji nan take, a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti ashirin ko fiye, da baƙin mai mai sinadarin zinki da yawa. Baƙin man zamani an rage masa zinki, don yana lalata matatar hayaƙin sababbin motoci, su kuma kamshaf ɗinsu a kan 'yan tayoyi yake gudu, ba ruwansu. Na san wannan a karance. Amma man da ke hannuna na zuba, injin kuma ya ƙi tashi da wuri, na yi ta murza shi, da ya tashi na bar shi yana silo ina neman inda ruwa ke ɗiga. Bayan kwana kaɗan na ji ƙas-ƙas daga sama. Na kwance baƙin mai, na haska fitila, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli. Tudu biyu na kamshaf sun shafe, garin ƙarfen ya zaga ko'ina. Dole a sake kwance injin kaf, a wanke, a sauya metal.

Kuɗin da suka rage mini su ne na tikitin zuwa gida yin Babbar Sallah da Hajiya. Uwargida ta tsaya a ƙofar gareji, ta dubi injin a warwatse a kan kwali, ta dube ni.

"Maigida, ƙarfe ne fa. Shi zai jira."

Ta yi gaskiya. Amma a makon ne 'yar Baba ta gaya mini za su mayar da shi wurinta a wata jiha kafin ƙarshen shekara, don zaman shi kaɗai ya daina yiwuwa. Na kwana biyu ina juya abin. Na kira Hajiya na ce aiki ya riƙe ni, sai baɗi. Ta ce Allah ya yi albarka, ya ba da sa'a. Har yanzu ban gaya mata wane aiki ba ne.

Karo na biyu na bi ƙa'ida kamar mai alwala. Man da ya dace, kafireta cike da fetur tun kafin a murza, tayimin a saiti. Bugu ɗaya ya tashi. Minti ashirin ɗin nan ina tsaye ina kallon allurar zafi, gumi na zuba a cikin sanyi. Tsofaffin kayan kuwa ban yar da ko noti ba, suna cikin kwalaye da rubutu, don masu tara irin waɗannan motoci sun fi daraja wadda kayanta na asali ke nan.

A watan Agusta, ranar Asabar ta uku, ake yin jerin gwanon tsofaffin motoci a titin Woodward, al'adar da aka fara a 1995. Cunkoso ya yi yawa, ba wurin gudu, saboda haka muka fita tun da asuba kafin jama'a su taru. A wata danja babu kowa sai mu. Kore ya kama, na taka rabi kawai, tayoyin baya suka yi ƙara, bayan motar ya ɗan karkace, kujera ta manne mana a baya. Na sassauta na waiwaya. Baba ya dafe dashbod da hannu biyu, idonsa a rufe, kansa a karkace wajen bonet.

"Rabi ka taka," ya ce. "Ina ji. Juya mu koma."